Kujerar Baba a Jirgin Safe

Aikin Babanmu korar tsuntsaye ne a filin jirgin garinmu. Mutane sukan yi dariya idan suka ji, har sai an gaya musu cewa balbela ɗaya in ta faɗa cikin injin jirgi, ta isa ta sa kowa da ke ciki salati. Filin ƙarami ne, titin jirgi ɗaya, hasumiya ɗaya, da zauren jira mai kujerun roba, sai ciyawa iya ganinka. Jirgi ɗaya ke zuwa kullum da safe daga babban gari. Ya sauke mutane, ya kwashi wasu, ya koma inda ya fito.

Kayan aikin Baba ba su da yawa. Akwai wani tsohon babur da sai an roƙe shi yake tashi, da bulalar igiya mai ƙara kamar an fasa faranti, da bindigar da ba ta da harsashi, sai tsawa da hayaƙi. Sai oba-oba, 'yar rediyon magana da yake ratayawa a wuya. Da zarar jirgi ya bar filin can, mutumin hasumiya zai ce masa, "Ya tashi." Daga wannan kalma zuwa saukar jirgi ba a cika awa ɗaya ba, kuma a cikinta ne Baba zai bi titin nan daga farko har ƙarshe, ya tashi balbelu daga ciyawa, ya kori hankaki daga kan fitilu, ya yi ta faɗa da shirwa wadda ba ta jin magana. A mota kuwa, tsakanin garuruwan nan biyu yini ne cur, shi ma in ruwa bai hau gada ba.

Gidanmu yana cikin gidajen ma'aikata, bayan shingen waya na filin, don haka mun tashi da wannan kalma a kunne. Ko ranar hutunsa ce Baba ba ya kashe oba-oba. A tsaye yake cin abinci, ƙafa ɗaya a waje. Mai aski ya taɓa biyo shi har bakin waya da tawul a hannu yana kira, "Malam, saura rabin kai!" Haka ya yi aikin ranar, gefe ɗaya fes, gefe ɗaya daji. Ummanmu mai kitso ce, ita kuma da kanmu take auna tafiyar jirgin. Takan ce daga can zuwa nan kitson yarinya ɗaya ne, in yarinyar ba mai kuka ba ce. In ta kama kaina aka ce ya tashi, kafin ta ɗaure jelar ƙarshe sai mu ji rugugin saukarsa ya girgiza kwanon rufi.

Akwai wani mutum da Baba ya yi shekaru yana jin haushinsa alhali bai taɓa ganinsa ba, wato mai korar tsuntsaye na filin can. Na-Can yake ce masa. Kullum in jirgi ya tsaya, Baba zai zagaya ya duba hancinsa da fikafikansa. In ya ga gashin tsuntsu ko ɗigon jini, ya dawo gida yana huci.

"Wannan ba tawa ba ce. Ta Na-Can ce. Ni na san yana can gindin bishiya ya baje tumbi yana barci."

"Ka taɓa ganin tumbin nasa?" in ji Umma.

"Sai na gani? Aikinsa ya nuna."

"To wa ya sani, ko shi ma yana can yana duba hancin jirgi yana cewa ta na can ce."

Abokin aikinsa na nan ma bai tsira ba. Wani dattijo ne mai sanyin jiki da kowa ke kira Sannu-Sannu, mu kuma muna ce masa Baba Sannu. Shi a ganinsa tsuntsu ma yana da hankali, in ya ji jirgi zai kauce. Baba ya ce da irin wannan tunani ake shiga labaran rediyo.

A damunar da na gama sakandare ciwon cikin Umma ya tsananta. Ta daɗe tana ɓoyewa, tana kitso tana cije leɓe, har ranar da ta kasa tashi daga kan kujerarta da kan wata mata a tsefe a gabanta. A asibitin garinmu suka ce ƙari ne, sai an yi aiki, kuma sai a babban gari. Daga asibiti zuwa gida kawai, duk ramin da mota ta faɗa sai Umma ta riƙe hannuna har farcenta ya shiga. Likita ya ce yini guda a kan wannan hanya ba nata ba ne. Yayanmu, wanda ke gyaran lantarki a can babban garin, ya yanki tikiti biyu, nata da na Baba. Ni kuma aka ce in biyo su a mota da kayan jinya, su bargo da bokiti da filas.

Tun da aka faɗi haka Baba ya rasa sukuni. Ba tsoron jirgi yake ba. Ya yi ta kai da komo a tsakar gida, Yaya yana kan waya mun buɗe murya kowa na ji.

"Ku dai ku duba," in ji Baba. "In na tsaya na share mata tashi, sauka tana hannun Na-Can. In na riga ta tafiya a mota don in duba filin can, tashi yana hannun Sannu-Sannu. In kuma na shiga ciki na zauna, duka biyun sun fita daga hannuna."

"Baba, ko ka je can wa zai bar ka ka shiga filinsu?" in ji Yaya. "Can ba su san ka ba."

"Za su san ni."

"Jirgin nan kullum yana tashi yana sauka lafiya."

"Saboda wa?"

Umma tana kwance a kan tabarma a bakin ƙofa, ta jingina da matashi biyu. Ta bari sai da suka gaji, sannan ta ce, "Malam."

Ya tsaya.

"Ban taɓa hawa abin nan ba, a ƙasa kawai nake jin sa. Ban taɓa shiga ɗakin tiyata ba. Ni ba tsuntsu nake tsoro ba. Abu ɗaya nake so, ka zauna kusa da ni, daga nan har su zo su tura ni ciki. Ban taɓa roƙonka ka bar aikinka don ni ba, ko ranar da na haifi wannan." Ta nuna ni da haɓa.

Baba ya dubi ƙasa, ya ce, "To." Washegari ya je ya karɓi hutu, ya miƙa wa Baba Sannu bulala da makullin babur, da jawabin da ya kusa kai su azahar.

Ranar tafiya ruwa ya sauka da asuba, ya ɗauke da fitowar rana. Baba ya sa farar rigarsa ta fita, wadda Umma ta sa na goge har sau biyu. Da yake kowa a filin ya san mu, aka ba Umma keken marasa lafiya, aka bar ni na tura ta har zauren jira. Zauren yana da gilashi babba mai kallon titin jirgi, kuma ta nan Baba ya ga abin da ruwa ya jawo. Garar nan mai fikafikai ta fito daga ƙasa kamar hayaƙi, tsuntsaye kuwa kamar an aika musu goron gayyata. Ƙarshen titi ya yi fari fat da balbelu, shirwa na shawagi a sama. Can nesa ga Baba Sannu a kan babur yana tafiya kamar mai rakiyar tsohuwa.

Baba ya zauna, ya tashi. Ya je jikin gilashi, ya dawo. Ya gyara wa Umma mayafi da ba abin da ya same shi. Sai oba-obar mai gadin ƙofa ta yi ƙara, muka ji muryar da muka sani, "Ya tashi."

"Bari in leƙa in dawo," in ji Baba.

"Malam."

"Yanzun nan. Magana ɗaya zan gaya masa."

Ta ƙofar ma'aikata ya fita. Muna kallo ya isa wurin Baba Sannu, ya karɓe bulalar, ya bar masa babur, ya shiga ciyawa da ƙafa. Balbelu suka tashi, suka zagaya, suka sauka a bayansa. Ya juyo ya bi su. Wata mata a kusa da mu ta ce, "Ikon Allah, wancan mai farar rigar lafiyarsa kuwa?"

Jirgi ya sauka lafiya, mutane suka fito. Aka fara kiran masu tafiya, aka ce marasa lafiya ne farko. Umma ta ce wa ma'aikacin da ya zo tura keken ya dakata. Sai da zauren ya kusa zama fanko Baba ya shigo yana haki, rigar nan ta koma ruwan ƙasa har gwiwa, fikafikan gara sun manne masa a gemu.

"Sun koma ƙarshen titi," ya ce. "Daidai inda jirgi yake ɗaga hanci. Sauka da sauƙi, tashi ne abin ji. In na bar wurin kafin ya wuce, za su dawo."

"Ga Baba Sannu can," na ce.

"Auta, yi shiru."

Ya durƙusa a gaban keken. "Ke ce a ciki. Da wani ne a ciki, wallahi da na shiga na zauna."

Umma ta dube shi. "Ka ce to."

"Na ce. Zan biyo mota yanzun nan, tiyatar ai sai gobe. Kafin su tura ki ina nan."

Mai tura keken ya ce, "Mama, za a rufe ƙofa." Umma ta ɗauke kanta daga Baba, ta gyara jakarta a cinya, ta ce masa, "Mu je, ɗana."

Na tsaya jikin gilashi har jirgin ya juya ya ɗauki gudu. Baba yana can ƙarshen titi yana kaɗa bulala, bindiga ta yi tsawa, jirgin ya wuce ta saman kansa ya shige gajimare. Da muka zo fita, Baba Sannu ya tare mu a bakin ƙofa yana share gumi. "Da ka bar ni ma da na kore su," ya ce. Har yau ba wanda ya san gaskiyar wannan, kuma a gidanmu ba a tayar da zancen.

Ko riga Baba bai sake ba muka nufi tasha. Mota ta ƙi cika. Ya zagaya ta, ya leƙa ciki ya ƙirga kawuna, ya zagaya kuma. Da ya ga ɗan kamasho yana kiran fasinja kamar mai jin barci, sai ya shiga kira da kansa, har da jan jakar wani bawan Allah da ba can za shi ba. Muna cikin haka Yaya ya kira ya ce sun sauka, ga Umma a hannunsa. Mu ko direba ba mu gani ba tukuna. Lokacin da motarmu ta wuce gidan mai na ƙarshen gari, ita har an ba ta gado.

An ba Baba kujerar bakin ƙofa saboda girmansa, amma ya hana kowa sakat. Ya leƙa allon gudun mota, ya tambayi direba ko akwai wata hanya, ya buɗe gilashi, ya rufe. Wata tsohuwa a bayansa ta ce, "Malam, kujerar ce ke cizo, ko kuɗin cizo ka shigo da su?" Aka yi dariya, shi bai ma ji ba.

Rana ta take tsaka wayata ta yi ƙara. Yaya ne. Ya ce wanda za a yi wa aiki yau jininsa ya hau, an ɗaga nasa, Umma kuma tun jiya ba ta iya cin komai ba, don haka likita ya ce da ita za a shiga yanzu. Ya ce tana son magana da Baba. Na miƙa masa, na kara kunnena.

"Kana ina?" in ji Umma.

"Muna hanya. Mun kusa."

"Malam, kar ka yi mini haka. Na san hanyar nan."

Baba ya leƙa hanya ta taga.

"Sun ce yanzu," in ji ta.

"Ki ce su ɗan jira. Ba Yayansu in yi masa magana, ya gaya wa likitan..."

"Na jira ka da safe," ta ce. Daga nan muka shiga tsakanin duwatsu, waya ta ɗauke.

Ban taɓa ganin Baba haka ba. Ya yi ta ɗaga wayar sama, yana fitar da ita ta taga, har direba ya ce zai yar. Da muka iso gada, ruwa ya hau kanta, motoci sun yi layi ana jira ya janye. Kowa ya fito ya nemi inuwa. Baba ya naɗe ƙafar wando ya ce zai yi gaba.

"Baba, da ƙafa? Ina za ka kai?"

"In mota ta taso ku ɗauke ni."

Ya ratsa ruwan nan yana dafa ƙarfen gada, mutane suna yi masa ihu, ya haye ya ci gaba. Sai bayan la'asar aka bar mu muka wuce. Muka yi ta tafiya ba mu gan shi ba. Can muka hango shi a gefen titi, takalma a hannu, yana sauri kamar wanda ake bi. Direba ya tsaya ya ce, "Baba, shigo, ka rage mana hanya." Wannan karon ba wanda ya yi dariya, tsohuwar nan ma ruwa ta miƙa masa.

Bayan magariba muka isa asibiti. Yaya yana tsaye a baranda, ya karɓi kayan hannuna, bai dubi Baba sosai ba. "An fito da ita. An yi lafiya. Ta yi ta kallon ƙofa har aka tura ta." Baba ya dafa bango. Da aka bar mu muka shiga, tana barci, ga robar ruwa a hannunta. Ya tsaya a ƙafar gadon, ya rasa inda zai sa hannuwansa.

Da safe ta farka sosai. Ta amsa gaisuwata, ta amsa ta Yaya. Baba ya ce, "Sannu. Ya jikin?" Sai ta juyo gare ni.

"Auta, ce wa babanki da sauƙi."

Haka muka yi makonni. Yana zaune a gefen gado, ko in ce yana tsaye, amma duk maganar da za ta yi masa sai ta bi ta kaina. Auta, ce wa babanki ya miƙo filas. Auta, ce wa babanki ya daina zirga-zirga, yana sa matar gadon can jiri. Ta wannan hanya ya ji labarin tafiyar. Ta ce da jirgin ya fara gudu ta kai hannu kujerar kusa da ita, ta damƙi iska. Ma'aikaciyar jirgi ta tambaye ta ina mai kujerar, ta nuna mata taga ta ce ga shi can a ciyawa. Wata 'yar kasuwa ce ta taso daga wurinta ta zauna, ta riƙe mata hannu har aka sauka, tana ba ta labarin tsadar atamfa.

"Ce masa tafiyar ba ta da tsawo. Ce masa ban gama addu'ar da na fara ba aka ce mun iso. Abin da ya gagare shi ke nan."

Baba ya ce, "Auta, ce mata sun taru ne daidai inda..."

"Ce masa na gan su. Na kuma gan shi."

Wata rana, da ta ɗan ji daɗin jikinta, ta ƙara da cewa in gaya masa ta ga Na-Can ta taga da suka sauka. Siriri ne kamar sanda, ba tumbi ko kaɗan, kuma shi ma da gudu ta gan shi. Baba ya buɗe baki zai yi tambaya, ya duba fuskarta, ya fasa.

Hutunsa ya ƙare, ya kira ya ƙara. Ya koyi haɗa ruwan zafi da na sanyi daidai yadda take so, ya san wace ma'aikaciyar jinya ce mai sauƙin kai. Da aka sallame ta muka koma ɗakin Yaya, shi ke riƙe ta tana koyon tafiya a tsakar gida, ita ce mai ja da baya, shi ne mai gaba, tana cewa in ce masa ba tsere suke ba. Duk da haka ba ta yi masa magana kai tsaye ba. Na ga abin yana cin sa fiye da faɗa.

Da likita ya ce za ta iya komawa gida, Yaya ya ce bari ya je ya yanko tikiti.

"A'a," in ji Umma. "Mota."

"Umma, ramukan nan fa? Ga ɗinki."

"Na tambayi likita. Ya ce in dai za a riƙa tsayawa ina taka ƙafa, ba komai."

"Jirgi fa kafin ki gyara zama kun isa."

"Shi ya sa. Ni yini nake so."

A tasha ita ta raba wurin zama. Ta sa Baba a kujerar baya, can ƙurya, inda ba ƙofa kuma gilashin ba ya buɗewa. Ta zauna kusa da shi da matashi a ciki, ta sa ni a ɗaya gefen, aka cika sauran wurin da buhunan wani ɗan kasuwa. Baba ya duba hagu, ya duba dama, gwiwoyinsa sun tokare kujerar gaba.

Mota ta tashi. Umma ta gyara mayafi, ta juya ta dube shi, shi kansa, ba ni ba.

"Malam, matso da kafaɗarka."

Ya matso. Ta ɗora kanta, ba a jima ba numfashinta ya sauya. Baba ya sandare, ko wuyansa bai yarda ya juya ba. Ƙafarsa ta fara rawa, ya sa hannu ya danne ta. Da aka ɗan yi tafiya ya kira ni da raɗa, ta saman kan Umma.

"Auta. Mun kai ina?"

Na leƙa waje. "Baba, ko gari ba mu fita ba."

"To," ya ce. "Yi a hankali, kar ki tashe ta."